Sayen Kango A Bakin Kara: Jari Ne Ko Ramin Kuɗi?

 Muna so mu ɗan taɓa wata magana da ta cika rumfunan shayi na kara a 'yan shekarun nan, wato maganar sayen tsofaffin gidaje. Duk inda mutum ya zauna, tun daga Matamai har Dungas, zai ji ana cewa Alhaji wane ya sayi kango a ƙauyen kasuwa kaza, ya kware rufin ƙasa ya ɗora tol, ya shafe bango da siminti, ya buga fenti, yanzu yana jiran 'yan haya ko mai saye. Samari da yawa cikinmu sun fara lissafin su rage garke su shiga wannan hanya. Mu kuwa mun riga mun taɓa ta, mun sha zaƙinta mun kuma sha ɗacinta, shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Da farko dai ba mu ga laifin mai wannan tunani ba. Duk wanda ke sayen sa da sefa ya sayar da naira ya san abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Manyanmu sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari dabbobinmu sun yi araha ga mai saye daga kudu, kasuwa ta buɗe. To a 2023 abin ya juya. Daga watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin watan Maris na 2024. Mutum ya kai shanu Legas, ya sayar da riba a baki, ya zo wurin ɗan canji ya tarar uwar kuɗi ma ba ta dawo ba. Ga kuma rufe iyaka: Najeriya ta rufe tata a watan Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 aka buɗe Maigatari da Illela. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A 2025 kuma, gab da babbar salla, hukuma a nan gida ta dakatar da fitar da dabbobi waje. Wanda ya sha waɗannan duka, in ya ce yana son dukiyar da ba ta kamuwa da ciwon huhu, ɓarawo ba ya kora ta cikin dare, ɗan duwan ba ya tsayar da ita a hanya, ai ba a ce masa mahaukaci ba.

Amma fa akwai abin da ake mantawa. Gidan da ke bakin kara, da kara yake numfashi. Ranar da aka rufe iyaka shanu suka tsaya, ranar ce ɗakunanka za su zama wayam, don baƙon da zai kwana bai zo ba. Ka gudu daga haɗari ɗaya ka je ka same shi zaune a zaurenka yana jiranka. Kuma sa in kasuwa ta ƙi a Mai'aduwa ran Lahadi, kana iya kora shi Maigatari ran Alhamis. Gida kuwa inda ka same shi nan za ka bar shi.

Ku tambayi tsofaffin fatake labarin Nguru. Tun da jirgin ƙasa ya isa can a 1930, shanun Manga da na gabashin Damagaram can ake kora su a ƙasa, a loda a tarago zuwa kudu. Mai gida a Nguru a wancan zamani sarki ne, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Da kwalta ta yawaita, manyan motoci suka karɓe lodi, jirgi ya ja baya, sai fatake suka bi inda mota ke tsayawa. Gidajen suna nan inda aka gina su, baƙin ne suka sauya hanya. Ba ma sai an je da nisa ba: sau nawa muka ga hukumar gari ta ɗauke kara daga tsakiyar gari ta mayar bayan gari don cunkoso, gidan da jiya yake taku hamsin da turke yau ya zama sai an hau babur? Don haka kafin a tambayi kuɗin gida, a fara zuwa ofishin magajin gari a ji ko akwai shirin tayar da kasuwa. Tambaya ce ta kyauta, amma ba kowa ke yin ta ba.

Yanzu mu zo ga lissafi, mu yi shi da harshen da muka iya. Mu ƙaddara kango ya ci kuɗin bijimai goma, gyara ya ci na wasu goma. Kuma duk wanda ya taɓa gyaran tsohon gida ya san in magini ya ce goma, to a tanadi goma sha biyar, don sai an fasa bango ake ganin abin da ke ciki. Bijimai ashirin da biyar ke nan sun shiga ƙasa sun kwanta. Da suna hannunka, ko sau shida kaɗai ka juya su a shekara, kowane juyi da ɗan abin da Allah ya hore, ka san abin da za ka samu. To kuɗin haya fa? Kasuwar ƙauye sau ɗaya take ci a mako. Baƙo ya zo jajibiri, ya kwana, ya ci kasuwa, wataƙila ya ƙara kwana ɗaya ya wuce. Dare biyu ke nan cikin bakwai. Sauran biyar ɗin sai ɓera da ƙadangare. In kuwa ka ce za ka ba mazaunin gari haya ta wata-wata, wa zai kama? Mutumin ƙauye yana da gidan ubansa. Sai dai malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo, shi ma 'yan jikkuna kaɗan zai iya biya, kuma gobe a sauya masa wurin aiki. Wanda ya ce da kuɗin haya kaɗai zai mayar da bijimansa ashirin da biyar, sai mu ce Allah ya ba shi tsawon rai, don zai buƙace shi.

To ashe babu riba ke nan? Akwai, sai dai ba a inda ake nemanta take ba. Iyayenmu da suka riƙe gidajen baƙi a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi ba su taɓa karɓar kuɗin kwana daga falke ba. Falke ya sauka, a ba shi ɗaki, a ba shi tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, yaran gida su kula da shanunsa, dillalan mai gida su sayar, mai gida ya tsaya wa bashin da mahauci ya ɗauka. Ribar tana cikin la'ada da amana. Gidan tarko ne na alheri: shi ke sa baƙo ya zo wurinka bai je wurin wani ba, ya dawo baɗi da ƙanensa da abokinsa. Gaskiya ne zamani ya rage wani abu daga wannan, tunda yanzu waya na aljihun kowa, kuɗi kuma ana tura su ba sai an ɗauko buhu ba. Amma har gobe sa bai koyi kwana cikin waya ba. Yana son turke, yana son ruwa, yana son harawa, mai shi kuma yana son inda zai sa haƙarƙarinsa ba tare da ya kwana ido biyu ba.

Shi ya sa muke cewa wanda ba shi da baƙi, ba shi da dillalai, ba ya zama a garin, to ya bar wa masu ita. Wanda kuma yake da su, in zai sayi kango, ya auna filin kafin ya ƙirga ɗakuna. Tsakar gida mai ɗaukar shanu talatin ta fi ɗaki shida masu fenti. Rijiya ko famfo a cikin gida ya fi tayil. Rumbun harawa da ɗakin dusa sun fi silin. Da irin wannan gida, ko kasuwa ta yi sanyi, kana iya ɗaure bijimai ko raguna ka yi kiwon turke wata uku ko huɗu kafin layya, takin ma manoma su saye. A nan ne gida ke fara biyan kansa.

Sai babbar magana, wadda ta fi kowace cin mutane: wane ne mai gidan? Jama'a, kango ba ya zama kango banza. Galibi mai shi ya rasu ne, 'ya'ya suka watse, ba a raba gado ba, kowa ya ƙi gyarawa don kada ya gyara wa wani. Sai babban wa, ko wanda ya rage a gari, ya zo ya same ka da farashi mai daɗi, ya ce duk 'yan uwa sun yarda. Mu ma haka aka ce mana. Shekarun baya muka sayi wani tsohon gida a wani ƙauyen kasuwa da ba sai mun ambata ba, gaban shaidu biyu, aka yi fatiha aka raba goro. Muka gyara zaure, muka tayar da katanga, muka haƙa rijiya. Damina biyu bayan nan sai ga wani ƙanensu ya dawo daga Libiya, ga kuma wata ƙanwarsu da ke aure a wani gari, wadda ko labarin cinikin ba ta ji ba. Ba su yi mana rashin kunya ba, hakkinsu suka nema, kuma da gaskiyarsu. Aka zauna gaban malamai da mai gari, ƙarshenta muka sake biyan wani kaso, a farashin gidan bayan mun gyara shi da kuɗinmu. Wato mun sayi rijiyarmu sau biyu.

Abin haushin shi ne duk wannan mun karanta shi a makaranta, son araha ne ya rufe mana ido. Wanda ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba, cinikinsa a kan rabon sauran yana rataye ne har sai sun yarda. Ko da rabonsa kaɗai ya sayar maka, in ba a riga an raba gidan ba, abokan tarayyarsa suna da hakkin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi rabon. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, hakkinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa hakkinsa na nan ko ya daɗe a tafiya. To a ƙasar da kowane gida ke da ɗa a Libiya, ko Aljeriya, ko Abijan, ko Legas, ku duba girman wannan ƙofa. In kuma akwai marayu ƙanana cikin magada, nan abin ya wuce maganar asarar kuɗi, kowa ya san gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i a kan dukiyarsu.

Saboda haka kada a biya ko dala ɗaya sai an ƙirga magada kaf, maza da mata, na gida da na waje, an raba gadon ko kowa ya wakilta da bakinsa. Yanzu da waya ba wuya, a kira mutum gaban shaidu ya faɗi yardarsa kowa ya ji. Sannan a yi takarda. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 aka kafa hukumomin filaye da muke kira Kofo, daga na ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta, har na gunduma, kuma suna ba da takardar shaidar ciniki. In garin an riga an yanka shi fuloti-fuloti, ofishin magajin gari za a nufa. A zagaya iyakar gidan da maƙwabta, a kafa alama suna kallo. Wanda kuma yake sha'awar saye a tsallaken iyaka, ya tuna can wata doka ce daban da tamu, kuma shi baƙo ne ko da kakarsa 'yar garin ce. Ranar rigima za a tuna masa.

Mu dawo ga ginin kansa, don a nan ma mun yi kuskuren da muke ganin ana ta maimaitawa. Da muka karɓi gidan nan, abu na farko da muka yi shi ne shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, don ya yi kama da na birni. Shekarar farko kowa ya zo sai ya ce masha Allah. Wani tsohon magini ya wuce, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya ce, “Alhaji, ka sa wa tsoho rigar ƙarfe.” Muka yi dariya. A damina ta uku sai simintin ya fara ƙara kamar ganga in an buga, ya tsattsage, ya rabu da ƙasa. Dalili kuwa a fili yake. Bangon ƙasa yana shan laima da damina ya fitar da ita da rani. Siminti ba ya barin ta fita, kuma shi da ƙasa ba sa miƙewa da takurewa tare in rana ta yi zafi ko dare ya yi sanyi. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe tana narkewa a ɓoye, gara ta samu inuwa da laima ta yi gida. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu namu ba ƙadangare kaɗai ya shiga ba. Wata safiya rabin bangon gabas ya zube, simintin ya faɗo falle guda kamar ƙyaure. Allah ya tsare ba kowa a ɗakin.

Tol ma haka. Mun kware rufin ƙasa na ɗakuna biyu muka ɗora shi, da bazara ta zo baƙi suka kwashe tabarmi suka koma zaure, wanda muka bari da rufinsa na da don kuɗi sun ƙare. Har yau zauren nan shi ne wurin da ake rububin kwana. Azarar da muka cire kuwa yara suka yi ta hura wuta da ita, alhali azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, tana iya shekaru da yawa, yanzu kuma ta yi wuya ta yi tsada, sare giginya ma sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Wanda ya sayi kango ya tarar da lafiyayyar azara a ciki, ya san ya tsinci dami a kala.

Ba muna cewa ginin ƙasa ba ya faɗuwa ba ne. Daminar 2024 ta nuna mana. Gidaje masu yawan gaske suka zube a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, har tsohon masallacin Birnin Zinder, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba na shekarar. Bayan nan gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba, mutane kuma suka tsorata da ƙasa, kowa na son siminti. Mun fahimci wannan tsoro. Amma in ka duba gidajen da suka zube, da yawa ta ƙafa ruwa ya ci su, ko ta kai: ko dai suna cikin kwari ruwa ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki, ko indararo ya toshe ruwa ya taru a rufi. Don haka lokacin duba kango shi ne watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Mai sayarwa zai fi so ka zo da rani. Ka je ka tsaya ka ga inda ruwan lungu ke bi, ka ga ko kududdufin unguwa na tumbatsa ya shigo, ka duba gindin bango ko ya zaizaye, ka soka wuƙa a kan azara inda ta shiga bango. In gidan a hanyar ruwa yake, ko kyauta aka ba ka akwai tsada.

In ya tsallake wannan, to a kashe siminti inda yake da amfani: a ɗaure gindin bango da dutse ko bulo har zuwa gwiwa, a yi dakali mai gangara da zai kori ruwa, a gyara indararo ya yi tsawo ya zubar nesa da bango, a yi daɓen ɗaki, makewayi, bakin rijiya da kwamin shayar da dabbobi. Sauran bango a bar shi da yaɓensa na ƙasa, a nemi mai haɗa makuba in akwai, a riƙa sabuntawa kafin ruwa ya sauka. Ɗaki ɗaya tak muke ganin ya cancanci bulo da ƙofar ƙarfe, shi ne na ajiya. Kuma a nemi maginin ƙasa na gaske, kada a ba ɗan kwangilar da bai san komai ba sai bulo. Ƙasar nan ba ta rasa gwanaye ba. Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, da ƙasa ya gina masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa, har aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Sai dai irinsu suna ƙarewa, samari ba sa koyo, don mu masu kuɗin mun daina kiran su.

Wani ɗan'uwa ya tambaye mu batun zakka, gara mu faɗa a nan kowa ya ji. Niyya ce ke rabawa. Gidan da aka saya don haya ko saukar baƙi, ba a fitar da zakka a kan ƙimarsa, sai a kan kuɗin da ya shigo in sun kai nisabi shekara ta zagayo. Wanda aka saya don a gyara a sayar kuwa hajar kasuwanci ce, hukuncinta daban. Kowa ya je wurin malaminsa da bayanin gaskiya, kada gida ya zama maɓoyar dukiya daga hakkin talaka.

Abin da ya fi damun mu shi ne samarin da ke shirin taɓa uwar kuɗi. Mun ga wanda ya sayar da rabin garkensa ya zuba a gini, gini bai ƙare ba, lokacin saye ya zo bayan girbi ba shi da abin saye, ya koma yana karɓar shanu bashi a hannun waɗanda da yake ba su bashi. Gidan na nan ba rufi, shi kuma sunansa ya ragu a kara. In za a yi, a yi da rarar da ko ta kwanta shekara biyar ba za ta hana ka loda mota ba, a kuma yi shi daki-daki: bana katanga da rijiya, baɗi zaure, sauran in Allah ya kai mu.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya, a zama na gaba a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna. A kowace kasuwa da muke ci a samu dattawa biyu da ɗan ƙungiya zai tuntuɓa kafin ya biya kuɗin gida, waɗanda suka san asalin gidajen garin da magadansu. A kuma rubuta sunayen maginan ƙasa da suka rage a kowane yanki, don mai bukata ya san inda zai same su. Mu namu gidan, bangon gabas mun sake tayar da shi da tubali, tsohon maginin nan ne ya yi aikin, bai kuma ce mana komai ba sai da ya karɓi kuɗinsa ya tambaye mu ko akwai sauran siminti da muke son ya ɓamɓare. Akwai, na bangon arewa, mun yi da shi zai zo bayan salla.